Yadda Na Ba Surukina Bindiga

Ni ba ɗan Agadas ba ne, ko da yake a nan haƙorana suka zube. Daga Damagaram na zo cikin sojin Nasara, ina ɗauke da bindigarsu, ina shan zaginsu. Ba a daɗe da kafa sansaninsu a bakin gari ba raƙumi ya danne mini gwiwa, suka sallame ni da ɗingishi da tsohuwar riga. Komawa gida a haka ba ta yi mini ba. Na kama rumfa kusa da maƙera ina gyaran bindigogin toka, na auri ƴar wani falke na tsohon gari, na zauna.

Abu guda na iya a duniya, shi ne harbi. Ciniki ban iya ba, karatuna bai wuce na sallah ba, amma in ka kafa mini tulu a taki ɗari biyu sai in tambaye ka wuya kake so ko ciki. Na faɗi wannan tun yanzu ne don abin da ke gaba ba zai bar mini abin yabon kai ba.

A shekarun nan hanyar gishiri ta lalace. Ayari zai tashi zuwa Bilma da hatsi, ya juyo da gishiri da dabino, sai ƴan hari su tare shi a bakin rijiya su kore raƙuma. Fatake suka yi ta kai kuka wurin kumandan, shugaban sojin Nasara, har ya gaji ya ce zai ba su waɗansu tsofaffin bindigogin soji, masu cin harsashi ɗaya. Amma ya kafa sharaɗi. Gida ɗaya, bindiga ɗaya. Wanda zai riƙe ta kuma sai ya koyi harbi, ya tsaya gaban sarsan, wato Baturen da ke kula da makamai, ya harba biyar, uku su shiga. In mutum biyu daga gida ɗaya suka ci, babba ne mai bindiga. Da aka rasa mai koyarwa da ke jin Hausa kuma ya san bindigar, sai aka tuna da ni, gurgu.

Asabar da Lahadi muke yi, don ranakun nan soji ba sa amfani da filin harbinsu. Filin wani busasshen rafi ne, can wajen da yanzu gidajen Dagmanet suka cinye. Mu kafa sanda biyu a gindin gaɓa, mu ɗaure busasshiyar fatar raƙumi, in zana mata da'ira da gawayi. Kowa ya gama harbinsa sai in ɗingisa in je in duba, in ɗaga yatsu a ga nawa suka shiga, sa'an nan in toshe kowace huda da ƙwallon dabino don kada ta ruɗe da ta mai zuwa. Fata ɗaya takan kai mu wata guda.

Ba na koyarwa da lallashi. Yadda aka koya mini haka na koya musu, da tsawa da baƙar magana. Manyan mutane masu raƙuma talatin, in sa su kwanta rub da ciki a yashi, in taka musu dunduniya in ce su buɗe ƙafa. Suna jin haushi, suna dawowa, don kowa yana son ransa.

Ciwonsu guda ne, kuma bindigar toka ce ta sa musu shi. Wanda ya saba da ita ya san in ya ja kunama albarushi yakan yi tartsatsi dab da ido, don haka kafin ta tashi ya riga ya kau da fuska. Bindigar soji ba ta tofa wa kowa wuta, amma wuya ya riga ya saba. Mutum zai auna daidai, numfashi daidai, yatsa na taɓa kunama sai kai ya zame gefe, bakin bindiga ya bi shi, harsashi ya tafi gaishe da gaɓa. Kuma ka rantse mishi da Alƙur'ani ya kau da kai, ya rantse maka bai kau ba.

Magani biyu nake da shi. Na farko, in ɗura mishi kwanson harsashi wanda aka riga aka harba, ban gaya mishi ba. Ya ja kunama, ba ƙara, ba hayaƙi, ga shi ya murtuke fuska ya juya kai shi kaɗai. Jama'a su kwashe da dariya, shi kuma ya gani da idonsa. Na biyu, in durƙusa a gefensa, in janye mishi amawali, wato gefen rawanin da ke rufe baki, in sa tafin hannuna a kumatunsa in danne shi jikin gindin bindiga, ya harba a haka sau goma. Ban taɓa yi wa mutum waɗannan biyun bai warke ba.

Asabar ta biyu ina cikin zagin wani mai raƙuma daga Timia, na ɗaga kai sai ga surukina yana gangarowa rafin, ƙanin matata na biye da shi.

Ƙanin nan nata ba yaro ba ne, magidanci ne mai ƴaƴa biyu. Tsakanina da shi wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙannen matarsa. Yana ce mini gurgun Nasara, ina ce mishi ɗan gishiri. Shi na sa ran gani. Uban kuwa ban taɓa kawo shi a raina ba. Dattijo ne da ya yi hanyar Bilma fiye da sau ashirin, dogo, marar yawan magana, yana da tsohuwar bindigar toka da ya gada. Tun da na auri ƴarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. In na hango shi a lungu sai in sake lungu, in ba hali in tuɓe takalma in durƙusa har ya wuce. A Damagaram ma muna kunyar suruki, amma mutanen tsohon garin nan sun kai abin wani wuri, ni kuma baƙo ne mai son a ce ya san ya kamata.

Na tuɓe takalma a yashin nan mai zafi na durƙusa. Ya amsa gaisuwata yana kallon gaɓa. Sa'an nan ya gaya wa ɗansa, ba ni ba, cewa ya zo ya ga yadda bindigar Nasara take.

Ranar duk filin ya san wani abu ya same ni. Muryata ta mutu. Mutumin Timia da nake zagi ɗazu ya yi ta kallona yana murmushi cikin rawani.

Ƙanin matata hannunsa kamar an halicce shi don bindiga. Bai taɓa riƙe ta toka ba, don haka wuyansa bai koyi tsoro ba. Mako uku yana sa huɗu cikin biyar, wani lokaci biyar ɗin duka. Har haushi yake ba ni, in ce mishi sa'a ce, ya ce in kawo gwiwata ya gwada a kanta.

Dattijo kuwa ya fi kowa ciwon. Kwanciyarsa daidai, riƙonsa daidai, idonsa garau. Sai kau da kai. Daga inda nake tsaye, taki goma bayansa, ina ganin rawaninsa na zamewa hagu kafin ƙarar ta fito, ƙura ta tashi can sama da fatar. Na san ciwon, na san maganin, maganin na cikin aljihuna. Amma in ɗura wa surukina kwanso, in sa fatake su yi mishi dariya? In janye mishi amawali, in sa hannuna a fuskarsa? Wallahi a lokacin da a ce in yi haka gara a ce in tuɓe wando a kasuwa.

Na yi ta kewaye-kewaye. Sai in tsaya kan wanda ke kwance kusa da shi in ɗaga murya: "Kai, ka daina kau da fuska, wannan ba ta toka ba ce." Bawan Allah bai kau da komai ba, ya sha zagin banza don dattijo ya ji. Dattijo bai ɗauka da shi ake ba. In na je duba fatarsa kuma ba na ɗaga yatsu kamar na kowa, sai in sunkuya in yi kamar ina gyara igiya, in dawo in ce iska ta motsa fatar.

Na sami ƙanin matata a rumfata ran wata Talata na ce, "Ɗan gishiri, ka gaya wa Baba yana kau da kai."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ni in gaya mishi? Kai ne malamin. Ni ko raƙumi ya ɗaure ba daidai ba sai in bari ya tafi in sake ɗaurewa."

"To in ya faɗi gaban sarsan fa?"

"Sai ya faɗi. Bindiga ta zo hannuna, in tsare shi a hanya, shi ke nan. Kai dai kada ka sa baki."

Maganarsa gaskiya ce, kuma mai sauƙi. Ba abin da ake nema gare ni sai in yi shiru in ƙirga abin da na gani. Na gwada matata ma, ko za ta bi ta wurin uwarta. Ta ce ita ba ruwanta da zancen bindiga, maza su ƙarata.

Ranar gwaji Lahadi ce, saura kwana goma sha ayari ya tashi. Rabin gari ya fito bakin gaɓa, har da madugu da dattawan unguwa. Sarsan ya sa aka kafa mishi kujera a inuwar wata aduwa, ya zauna da takardunsa yana fifita da hula. Zafi ya hana shi tafiya wurin fata. Ya ce ni in je in duba in ɗaga yatsu, ai ya san ni tun ina soji, ba na ƙarya. Haka ya faɗa, tafinta ya maimaita da Hausa kowa ya ji.

Ƙanin matata ya sa biyar. Jama'a suka yi ta sa albarka.

Aka zo kan dattijo. Ya sa sabuwar riga ranar. Ya kwanta, ya harba biyar, kowace ɗaya ina ganin rawanin na zamewa. Na kama hanyar fata ina ɗingishi, taki ɗari da hamsin, ban taɓa jin nisansu kamar ranar ba. Na isa na duba sama da ƙasa. Ko ɗaya babu. Fatar cike take da ƙwallayen dabino na waɗanda suka riga shi, ba sabuwar huda ko ta allura.

Na waiwaya. Ga shi can ya tashi zaune yana kakkaɓe riga, ga sa'o'insa a bakin gaɓa, ga madugu. Abin da ya zo mini shi ne, yanzu ni, baƙon da ya ba ƴa ba don dukiya ba, ni zan ɗaga hannu ba yatsa ko ɗaya, gari ya gani. Ban yi tunanin rijiya ba, ban yi tunanin ƴan hari ba. Kaina na yi wa tunani, in faɗi gaskiya, don kada a ce gurgun nan bai da kunya. Na juya wa jama'a baya, na sa babban yatsa na ture ƙwallo uku suka faɗa yashi, na taka su. Na juyo na ɗaga yatsu uku.

Sarsan ya rubuta. Babba ne mai bindiga, aka miƙa wa dattijo ita da harsashi ashirin.

Ƙanin matata ya tare ni a hanyar komawa, ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "Uku?"

Na ce, "Uku."

Ya dube ni ya daɗe. Sa'an nan ya ce, "To, Allah ya kai mu lafiya, gurgun Nasara." Ya wuce. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ina da kwana goma sha da zan gyara. Ina iya zuwa wurin sarsan in ce na yi kuskuren ƙirga. Ina iya samun madugu a ɓoye in ce a hanya a karɓi bindigar a ba ɗan. Kullum in ce gobe. Na riƙa gaya wa kaina ai ayarin babba ne, bindiga goma sha ce a ciki, ɗaya ba za ta hana komai ba, kuma ba kowace shekara ake hari ba. Ran tashinsu na raka su bakin gari, na durƙusa daga nesa, na koma rumfata na ci gaba da goge ƙarfe.

Bayan wata ɗaya da rabi suka dawo, babu ƙanin matata.

Mutumin Timia ne ya ba ni labarin, don yana wurin. A rijiya ta ƙarshe kafin duwatsu, da hantsi, ayari ya warwatse ana shayar da raƙuma, masu bindiga kowa na wurin nasa. Mahara ba su fi bakwai ba. Suka faɗa gefen da raƙuman surukina suke. Ɗan ya ruga da takobi ya riƙe akalar na gaba. Ɗaya daga cikinsu ya nufo shi a kan raƙumi da mashi, a fili, ba gudu sosai ba. Dattijo na durƙushe bayan kayan gishiri, taki talatin. Ya harba, ya sake ɗurawa, ya sake harbawa. Mutumin Timia ya ce raƙumi ne guda da mutum a kai, ko jifa aka yi da dutse sai a samu. Da ya kai nan sai ya dube ni, don shi ma na taɓa sa hannuna a kumatunsa, ya san abin da ban yi ba.

Na yi zaman makoki kamar kowa. Na karɓi gaisuwa, ana ce mini sai haƙuri, ka rasa abokin wasa. Wanda bai taɓa karɓar ta'aziyyar mutumin da shi ya jawo mutuwarsa ba, ba zan iya kwatanta mishi ba. Abinci ya daina shiga. Asabar ta zo na aika wa sarsan cewa gwiwa ta tashi, ta biyu ma haka, har ya nemi wani.

Bayan sadakar arba'in dattijo ya aiko in zo. Da la'asar ce. Na tuɓe takalma tun daga ƙofa, na durƙusa a bakin zaure inda na saba. Ya ce in shigo. Na matsa kaɗan. Ya ce, "Nan," ya nuna tabarmar da yake kai. Bindigar na jingine da bango. Ya janye amawalinsa ƙasa, ranar na fara ganin bakinsa da furfurar gemunsa, shekara huɗu da aure.

Ya ce, "Ka mayar musu da abinsu."

Na ce, "To, Baba."

"Ranar nan a rafi, nawa na samu?"

Na buɗe baki in ce uku, don har lokacin ƙaryar ba ta sake ni ba. Sai na ji na ce, "Ba ko ɗaya, Baba."

Na jira ya tsine mini. Ina so ya tsine mini, da na samu sauƙi. Sai ya gyaɗa kai kawai.

Ya ce, "Na sani. Idona bai mutu ba. Na ga ƙurata tana tashi a gaɓa, sau biyar. Da ka ɗaga yatsu uku na so in tashi in ce ba haka ba ne. To Nasara ya riga ya faɗa gaban gari cewa ba ka ƙarya. In tashi in ƙaryata mijin ƴata a gabansa, ya kore ka, ko ya ɗaure ka? Na ce bari in karɓa, in mun fita gari in ba yaron."

Sa'an nan ya ci gaba.

"Da muka fita na ce gobe. Mutane suna ta cewa tsoho ya ci gwajin Nasara. In na miƙa mishi, sun gane, maganar ta dawo kanka. Shi ma bai tambaya ba, yana jin nauyina. Haka muka je Bilma muka juyo."

Na kifa kaina a tabarmar nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da raƙumi ya murƙushe mini gwiwa. Bai hana ni ba, bai taɓa ni ba. Da na lafa ya mayar da amawalinsa, ya ce, "Ƴata ba ta sani ba. Uwarta ma. Ka bar su a haka, sun ɗauki abin da za su iya."

Na ɗauki bindigar na kai sansani a ranar. Ban sake koya wa kowa harbi ba. Daga baya, da zamani ya rikice Nasara suka karɓe makaman gari gaba ɗaya, ko gyaran ma na bari, na koma ɗinkin sirdi.

Dattijo ya yi shekara shida bayan nan. Muka koma yadda muke, in hango shi in sake lungu, ya amsa gaisuwata yana kallon bango. Ƴaƴan marigayin biyu a gidana suka girma, ni na yi musu aure, kuma har yau mutane na sa mini albarka a kan haka, ina amsawa.

Na cika alkawari, ban gaya wa matata ba. Mun yi shekara talatin da ɗaya tare. Duk lokacin da mata suka taru a tsakar gidanmu ana zancen mazan yanzu da ba su san girman surukai ba, ina ɗaki ina jinta tana cewa su je su tambaya, nata mijin wata biyu yana koya wa ubanta harbi, bai taɓa ce mishi ya yi kuskure ba.